'Yan Aji Biyar Masu Gemu

A duk ƙasar Zurmi, in ka cire jakin Sarkin Pawa, babu abin da ya kai Malam Armiya'u ƙara. Shi ne malamin wasanni a sakandaren Tungar Kanya, wani ƙauye can gaba da Gurbin Bore, kuma yana da wani tsohon usur na ƙarfe da yake rataye a wuyansa da jan zare. Da usur ɗin yake tara ɗalibai, da shi yake korar awaki daga fili, da shi yake kiran 'ya'yansa cin tuwo. An ce ko wanka zai yi ba ya cire shi, sai dai ya juya shi baya. Sunansa na yanka ma ya ɓace a gari, kowa Koci yake ce masa, kuma duk wanda ya yi kuskuren kiransa Malam Armiya'u, to ranar gaisuwarsa ta faɗi ƙasa banza.

In ya zauna teburin mai shayi kuwa, sai ka tausaya wa kunnuwan jama'a. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa ya taɓa yin tsere da jirgin ƙasa daga Ƙaura Namoda, ya isa Gusau, ya ci tuwo, ya yi salla, har ya ɗan kishingiɗa kafin jirgin ya iso. Mutanen Tungar Kanya dai gudu ɗaya suka taɓa gani ya yi, ranar da ragon layyar maƙwabcinsa ya tsinke ya biyo shi, kuma ragon ne ya ci.

To, akwai gasar da ake yi tsakanin sakandarorin shiyyar, na Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda. An daina ta shekarun da hanya ta ƙi biyuwa, sai bara aka farfaɗo da ita. Zagaye uku ake yi, kowane gari ya karɓi baƙunci sau ɗaya. Ana buga ƙwallo, ana tsere, ana kacici-kacici da muhawara, a ƙarshe a haɗa maki gaba ɗaya, makarantar da ta fi ta tafi da kofi da ƙaton rago. Bara Tungar Kanya ce ta riƙe wutsiya.

Da lokacin gasar bana ya matso, sai shugabar makarantar ta kira shi ofis. Hajiya Ummusalma mace ce mai magana a hankali, irin wadda in ta yi murmushi malamai ke fara tuno laifuffukansu.

Ta ce, "Koci, bara mu munka zo na ƙarshe."

"Hajiya, alƙalin wasa na. Da idona nig ga yana dariya da 'yan Shinkahi."

"Ci goma sha ɗaya, duk alƙali yaz zuba muna su?"

"Iska ma ta taimaka musu."

"To ji nan. Bana in munka koma zuwa na ƙarshe, ko kaj jawo muna abin kunya, usur ɗin ga za ka aje min shi bisa tebur. In ba Malam Ismail, kai ko ka koma kula da lambun makaranta."

Koci ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. Malam Ismail wani siririn saurayi ne mai koyar da lissafi, shi ke shirya yaran kacici-kacici. A ce wannan ya rataya usur, shi kuma Koci ya koma ba wa yakuwa ruwa? Ya dafe ƙirji, ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Kofin ga nan za shi kwana."

Ya fito ya tsaya bakin fili yana kallon yaransa. Suna da himma, wannan ba a musu, musamman kyaftin ɗinsu Fahad Zakariyya, wanda kullum shi ke fara zuwa fili shi ke ƙarshen tashi. Amma a idon Koci duk karan dawa ne aka sa wa gajeren wando. Ya yi tsaki ya busa usur ba gaira ba dalili, awaki suka watse.

Ana haka ya shiga Ƙaura Namoda sayo sabuwar ƙwallo, ya bi ta kasuwar hatsi. A kasuwar akwai wata ƙa'ida tsakanin 'yan dako. In babbar mota ta shigo da kaya ta danna hon, ƙungiyar da mutuminta ya fara buga wa jikin motar hannu, ita ke da saukalen kayan duka, sauran sai kallo. Saboda haka ɗan dako ko yana tsakiyar cin abinci ya ji hon, cokali a ƙasa yake bari. Koci na tsaye sai ga wata mota ta yi hon, ya ga wasu ƙarti sun zabura, suna tsallake buhuna, suna kauce wa baro da Keke Napep, ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. Bakinsa ya kasa rufuwa. Nan take dabara ta faɗo masa, ya kuwa rungume ta hannu biyu.

Ya nemi shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai faɗin kafaɗa da ake kira Tsoho.

"Sarkin dako, yaran ga naka sun taɓa buga ƙwallo?"

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Yara? Wanga da kake nunawa, Ado, ɗiyanai huɗu. Wancan, Mu'awiya, bana yaka shirin aurar da ta fari."

"Ai shekaru ga gemu suke zama. In anka aske gemu, shekaru sun tahi."

Ya yi musu bayani, ya yi musu alkawarin ragon gasar sukutum, shi kofi kawai yake so. Da jin rago, mutum shida suka miƙe. Tsoho ya ce, "Ba ni hana su. Amma Malam, in hwaɗa maka tun yanzu, ranar kasuwa ba mu san kowa ba sai mota."

Koci ya kaɗa hannu. "Wanda yaj ji usur ɗina, hon bai ƙara shiga kunnenai."

Aka kai su wurin wanzami. Da gemu ya sauka, sai haɓar kowa ta fito fara tas kamar an ɗaye rogo. Koci bai damu ba, ya sayo man takalmi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Aka kawo wandunan makaranta, na farko da Mu'awiya ya sa ya tsage tun kafin ya wuce gwiwa, sai da tela ya ƙara ƙyalle a kowane gefe. Sannan aka raba musu sunayen yaran da za su maye. Ado ne ya sami riga mai lamba tara da sunan Fahad Zakariyya. Shi kuma Fahad na gaskiya aka miƙa masa bokitin ruwa, aka ce ya riƙa bin su da shi. Abin ya yi wa yaron ciwo ƙwarai.

Koci ya jera su a bayan gidansa yana horo.

"Kai, mi sunanka?"

"Ado."

"Fahad!"

Ado ya waiwaya baya. "Wa?"

"Kai! Kai na Fahad! Aji nawa kake?"

"Duk wanda kac ce, Malam."

"Aji biyar! Kuma Koci za ka ce. Shekarunka nawa?"

Ado ya shiga lissafi da yatsu. "An dai haihe ni shekarar da hwara tac cinye gero."

"Sha bakwai! Ya Rabbi, ka ba ni haƙuri."

Malam Ismail ya same shi gefe, ya ce, "Koci, wanga abu bai kamata ba. Yaranmu sun sha wahala, kuma in asiri yat tonu har makin kacici-kacici sai ya shahwa."

"Kai dai tsaya ga lissahinka. Ko usur ɗin ne kaka ma zumuɗi?"

Wannan maganar ce ta ɗaure bakin Malam Ismail. In ya kai ƙara, gari zai ce kwaɗayin usur ne. Hajiya kuwa tana Gusau wajen wani taro, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Zagayen farko a Zurmi aka yi. Da 'yan Tungar Kanya suka shigo fili, ƙasa har motsi take. Wani malami daga ɗaya makarantar ya nuna Mu'awiya, ya ce, "Wanga ɗalibi ai hurhura gare shi!"

Koci ya ce, "Ta gado ta. Gidansu da ita aka haihuwassu."

Aka fara. Gudu kam akwai shi, sai dai ba kullum yake bin inda ƙwallo ta nufa ba. Rana ta yi zafi, man takalmi ya narke ya riƙa gangarowa wuya, fararen riguna suka koma kamar na masu gasa masara. Can wani ɗan yaro ya zo zai wuce Mu'awiya da ƙwallo, sai Mu'awiya ya sunkuya, ya cira shi sama, ya aza a kafaɗa, ya tsaya yana waige-waige kamar mai jiran a nuna masa shagon da zai sauke. Alƙali ya ba shi jan kati. Mu'awiya ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Duk da haka sun ci wasan, domin bayan wannan babu yaron da ya ƙara yarda ya matso kusa da su.

A ɗakin kacici-kacici kuwa, wata ɗaliba mai suna Rahama da abokan karatunta biyu suka kawo na biyu. Koci ko tambaya bai yi ba.

Zagaye na biyu Shinkafi. Wasa ya yi zafi, Ado ya samu ƙwallo ya nufi raga, saura mai tsaron baya ɗaya tak, wani yaro ɗan wajen Katuru. Yaron ya taho da gudu zai tare, suka haɗa ido, sai ya ja birki, ya zube ƙasa ya durƙusa.

"Kawu, ina wuni?"

Ado ya taka ƙwallo ya tsaya. "Lahiya lau. Ya mutanen gida? Ƙahwar innarka ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Kawu."

"To madalla. Ka ce ina gaishe ta. Kuma ka riƙa karatu, ka bar yawon banza."

Sannan ya zagaye yaron ya zura ƙwallo a raga. Fili ya kaure. Malaman Shinkafi suka yo kan teburin kwamiti, Koci ya riga su isa.

Shugaban kwamitin, wani tsohon hedimasta mai tabarau, ya ce, "Malam, wane irin ɗalibi na abokin karawarsa ka durƙusa ma?"

"Ranka ya daɗe, tarbiyya ta. Kuma wa ab bai san a ƙauye yaro kan zama kawun sa'anai ba? Ni kaina ina da kawun da ni nag goya shi."

Shugaban kwamitin ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau, sannan ya ce a ci gaba. Da aka tashi sallar La'asar, ɗalibai suka yi sahu a gefen fili, suka dudduba, ba wanda ya ce da wani komai suka tura mai lamba tara gaba ya ja su. Koci ya ga haka, ya juya baya ya shiga gyaran igiyar takalminsa.

Bayan Shinkafi sai kan Koci ya ƙara girma har hula ta fara matse shi. Ya sa aka yi masa riga da KOCI a baya da manyan baƙaƙe. Ya ɗauko makaɗin kalangu da zai raka su Ƙaura. Ya je da kansa ya gayyaci Hajiya, wadda ta dawo daga Gusau, ya gayyaci Maigari da 'yan majalisarsa. A teburin mai shayi ya ce jirgin da ya tsere wa ma yanzu ya tuna guda biyu ne.

Ana gobe wasan ƙarshe Tsoho ya aiko a kira shi.

"Malam, ka san gobe kasuwa? Kuma filin ga da za a yi wasa bakin hanyar motoci yake. Sannan duk Ƙaura ba wanda bai san Ado ba, har karnuka."

"Na gama da wanga tun jiya," in ji Koci. Ya zaro wani ƙunshi daga jaka. Takunkumin rufe hanci ne da suka rage a sito tun zamanin korona. "Kowa ya sa. In an tambaya, mura ta kama su."

"Su shida rana guda?"

"Aji guda suke."

Tsoho ya girgiza kai. "Ni dai na hwaɗa maka."

Ranar ta zo, filin ya cika maƙil. Da safe aka gama kacici-kacici da muhawara, Rahama ta tashi da na ɗaya, aka rataya mata lambar yabo, 'yan Tungar Kanya suka yi ta tsalle. A tseren ba-ni-in-ba-ka ma yaran makarantar na gaskiya suka zo na biyu. Malam Ismail ya zo da sauri ya ja Koci gefe.

"Koci, na haɗa makin. Ko an cinye mu ga ƙwallo, na biyu muke zuwa. Usur ɗinka ya tsira. Don Allah sallami mutanen ga, ka sa su Fahad."

Koci ya yi wata dariya. "Na biyu? Ni? Ga Maigari zaune, ga Hajiya, ga makaɗi na biya shi, sannan in koma gida da na biyu? Matsa min, yaro."

Aka fito. Mai sanarwa ya kira sunaye a lasifika, makaɗi ya saki kalangu, Koci na gaba yana taku ɗaiɗai kamar shi ya gina filin. Hajiya Ummusalma ta gyara zama a rumfar manyan baƙi, ta ƙura wa 'yan wasanta ido. Ta san kowane ɗalibinta har da sunan uwarsa, amma waɗannan ƙirazan ba ta taɓa ganinsu a taron safe ba. Sai ta yi murmushi. Koci ya hango murmushin daga nesa, ya ce wa kansa na farin ciki ne.

Takunkumi ya rufe hanci da baki, amma bai rufe tafiya ba. Wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar buhu, wuyansa a karkace yake tafiya ko babu kaya. Ba a daɗe da farawa ba aka fara ƙus-ƙus a cikin 'yan kallo.

"Kai, mai lamba huɗu ɗin can ba Mu'awiya na ba?"

"Shi na! Jiya yas sauke min wake!"

Sai ga wata tsohuwa mai tallan dafaffiyar gyaɗa ta kutso har bakin layi, tana jaye da wani ɗan yaro mai kayan firamare. Gwaggon Ado ce, ƙanwar mahaifinsa, kuma muryarta ba ta buƙatar lasifika.

"Ado! Kai Ado! Ashe nan kak kai gemun? Kac ce ma matarka ƙuraje sunka hito maka! Dubi ƙato da gajeren wando, ko kunyar ɗiyanka ba ka ji!"

Ɗan yaron ya ɗaga hannu yana tsalle. "Baba! Baba! Ga ni nan!"

Ado, mutumin kirki, ya ɗaga masa hannu shi ma.

Koci ya ruga wurin tsohuwar. "Inna, kin yi kuskure. Wanga Fahad na, ɗan aji biyar."

"Aji biyar ɗin gidanku! Ni niy yi ma uwatai wankan jego da hannuna. Kai wane ne?"

"Ni ne Koci."

"Koci ko cokali, matsa in ga ɗana."

Jama'a suka kwashe da dariya, shugaban kwamiti ya miƙe yana gyara tabarau. Amma kafin ya ce wani abu sai aka kayar da Ado a gaban raga, alƙali ya ba da fenariti. Babu wanda ya ci wani, lokaci kuma ya kusa cika. Fili ya yi tsit. Koci ya ji ransa ya dawo. In ƙwallon nan ta shiga, kofi ya zo hannu, sauran magana kuma a yi ta a baya, shi bai taɓa rasa amsa ba. Ya hau kan benci ya buɗe murya.

"Fahad! Kusurwar hagu, yadda nik koya maka! Jama'a ku buɗe ido ku ga aikin Koci!"

Ado ya ajiye ƙwallo. Ya ja da baya. Alƙali ya busa. Ado ya taho da gudu.

Daidai nan wata babbar mota shaƙe da gero ta karyo kwana a kan hanyar kasuwa, ta danna hon mai tsawo.

Ado bai ko rage gudu ba. Ya tsallake ƙwallon, ya wuce mai tsaron gida, ya bi ta gefen raga, ya haure katangar fili. Mu'awiya da sauran huɗun suka rufa masa baya, takunkumi na tashi sama, 'yan kallo na darewa. Daga can bakin kasuwa kuma wata ƙungiyar ta taso, aka yi rige-rige, amma ina, Ado ne ya fara kai wa motar duka, bam! Wannan gudun kam duk wanda ya gani ya ce bai taɓa ganin irinsa ba a tarihin gasar.

Ƙwallo tana nan zaune inda aka ajiye ta.

Koci ya kafa usur a baki ya busa. Ya busa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya busa har idonsa ya kawo ruwa. Babu wanda ya waiwayo sai wasu awaki biyu a bayan raga. Ya diro daga benci ya ce zai kamo su, ya yi taku kaɗan, ƙafarsa ta shiga bokitin ruwa, ya kife a gaban rumfar manyan baƙi. Makaɗi, da yake an biya shi, bai fasa kiɗa ba.

Ana ɗaga shi sai ga abin da ya ƙarasa shi. Shagon da za a sauke geron a bayan katangar filin yake. Sai ga ɗaliban aji biyar sun jero ɗaya bayan ɗaya, kowa da buhu a ka, rigunan makarantar Tungar Kanya a jikinsu, lamba tara a gaba. Ado ya leƙo ta saman katanga, ya ce, "Malam, a ɗan jira mu! Buhu ɗari biyu na kawai, yanzu mu dawo mu buga!"

Dariyar da aka yi ranar har masu awo a kasuwa sun ji ta. Maigari ya ja rawani ya rufe fuska.

Shugaban kwamiti ya karɓi lasifika. "Ina Fahad Zakariyya?"

Yaron ya fito daga bayan benci, siriri, yana riƙe da bokitin da ya lotse. "Ga ni, Malam."

"To wancan mai buhu hwa?"

Kowa ya juyo ga Koci. Ya buɗe baki, ya rufe. Karo na farko tun da aka san shi, babu abin da ya fito.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Aka soke duk makin Tungar Kanya, na ƙwallo da na tsere da na kacici-kacici, tun daga Zurmi har Ƙaura. Makarantar da take ta biyu da hantsi ta koma ta ƙarshe kafin La'asar. Aka ce Rahama ta maido da lambar yabo. Yarinyar ta cire da kanta, ta kai teburi ta ajiye, ta dawo ta wuce ta gaban Koci tana share hawaye da gefen hijabi, ko kallonsa ba ta yi ba. Wannan ya fi dariyar jama'a yi masa zafi, kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Hajiya Ummusalma ta sauko daga rumfa ba gaggawa, ta tsaya gabansa, ta miƙa tafin hannu.

"Hajiya, tebur kika ce. Bari mu koma gida in..."

"Nan ma ya yi, Malam Armiya'u."

Ya ciro zaren daga wuyansa, ya maƙale a kunne, ya maƙale a hula, da ƙyar ya fita. Hajiya ta karɓa ta miƙa wa Malam Ismail, shi kuma ya sa a aljihu bai rataya ba. Ta ce, "Yakuwa tana son ruwa da sassahe, kahin rana ta yi zahi."

Motar da ta kawo ɗalibai ta cika, aka ce babu wuri. Motar Maigari ma, abin mamaki, babu wuri. Makaɗi ya hau ɗan acaba ya yi gaba. Malam Armiya'u ya tsaya bakin hanya shi kaɗai, ya juya rigarsa ciki waje don kada a karanta abin da ke bayanta. Tsoho ne ya tausaya masa, ya roƙi direban motar geron nan, wadda za ta koma wajen Zurmi, ya ɗora shi a baya tare da wasu fasinjoji.

Suka fita gari. Can wani fasinja ya ce wa na kusa da shi, "Kai, amma yau na ga gudu. Ka ga yadda mai lamba tara yah haure katanga?"

"Wallahi awa barewa. Ko wa yak koya mai?"

Malam Armiya'u ya ɗago kai. Ya yi gyaran murya, ya gyara zama a kan taya.

"Wa kuke zato? Da niz same shi, ko tahiya bai iya ba."

Ya kai hannu ƙirji zai nuna musu shaida, yatsunsa suka yi ta lalube a kan riga. Sai ya mai da hannun aljihu, ya juya yana kallon gonaki.